Saran maciji: tambayoyin da mutane ke yi a Tawa da amsoshinsu

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daga ruwan shuka har a kai hatsi rumbu, wanga shi ne lokacin da saran maciji ke yawa a wajenmu, tun daga gonakin Maggiya da Madawa da Ƙonni da Illela har can arewa wajen Abalak da Cintabaradan inda makiyaya suke. Tambayoyin da ke nan ƙasa su ne waɗanda mutane ke ta maimaitawa, a bakin likita ko a fada wurin shan shayi, kuma wallahi da yawa cikin waɗanda muke rasawa ba ƙarhin dahi ba ne kaɗai ke kashe su, awoyin da anka ɓata a gida ne ana ɗaure-ɗaure da jiƙe-jiƙe.

Wane irin macizai ne masu kisa a nan wajenmu?

Ba duka ba ne. Macizai da yawa da muke gani ba su da dahin da ke kashe mutum, mesa ma da girmanta duka ba ta da dahi. Waɗanda ya kamata kowa shi sani ba su da yawa.

Na farko ita ce kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Ƴar ƙarama ce, da wuya ta wuce santimita 60, launinta na ƙasa da zane-zane a baya, in ta kwanta cikin tsakuwa ko cikin kara sai ka taka ta ba ka gan ta ba. In ta ji motsi tana naɗe jiki tana goga ɓawonta da juna, ka ji wani ƙara tsss-tsss, kuma sararta da sauri take ƙwarai. Da dare ta hi hita, musamman bayan an yi ruwa. Ita ce ta hi kowane maciji kashe mutane a wanga yanki namu na Afirka ta Yamma, daga Senegal har Cadi, kuma ƙanƙantarta ita ke sa mutane raina ta, sai ka ji mutum ya ce ai ɗan ƙaramin abu ne ya taɓa ni.

Sai kasa, gajera mai kauri mai faɗin kai. Ita ba ta gudu, kwance take bisa hanya tana huci, wanda bai lura ba shi taka ta. Haƙoranta dogaye ne kuma dahin da take zubawa da yawa yake.

Sai dangin gamsheƙa da kumurci, masu fasa kai. Akwai mai tohi, baƙi mai tofa dahi a ido daga nisan mita 2 ko hiye, shi ne ke shiga gida da dare neman ƙwai da ƴan tsaki da kwaɗi har shi sari mutum shina barci. Akwai kuma wanda ba ya tohi amma dahinshi na shanye jiki. Can arewa cikin rairayi akwai mai ƙaho biyu bisa ido, wadda ke binne kanta cikin yashi, ita ma dahinta na kawo kumburi shi ɓata jini.

Mi dahin ke yi in ya shiga jiki?

Ya danganta da macijin. Na kububuwa jini yake ɓatawa. A cikin jinin kowa akwai sinadaran da ke sa shi daskarewa in an ji rauni, to dahin nan shina tada su gaba ɗaya su yi ta aiki a banza har su ƙare, daga nan jinin mutum shi koma ruwa tsululu, ko ƙuje ka yi ba ya tsayawa. Shi ya sa za ka ga jini na tsattsahowa daga dasashi, daga hanci, daga tsohon gyambon da ya kusa warkewa, cikin hitsari, cikin amai, cikin bayan gida. Wanda ake gani da ido ma da sauƙi, mai kisa shi ne wanda ke zuba cikin ciki ko cikin kai ba wanda ya gani, mutum shina zaune ana hira da shi an ce ya samu sauƙi sai shi ce kanshi na sara, shi faɗi, shi ke nan. Kuma wanga abu na iya zuwa bayan kwana 2 ko 3, wani lokaci har mako.

Na kasa nama yake ci. Ƙafa ta kumbura tun daga yatsu har cinya, ta yi bororo, fata ta yi baƙi, ruwan jiki shi tsiyaye cikin kumburin har hawan jini shi sauka mutum shi some. Na mai tohi shi ma nama yake ruɓarwa, fata ta mutu ta saɓule ta bar miki mai faɗi da ke ɗaukar watanni.

Na mai shanye jiki kuwa wurin saran ba ya ma kumbura sosai, jijiyoyi yake kamawa. Alamar farko fatar ido ta yi nauyi, mutum shina son buɗe ido ya kasa, shina ganin abu biyu-biyu, magana ta sarƙe, miyau na dalala don ya kasa haɗiyewa, wuya shi saki, daga nan numfashi shi tsaya. Wanga na iya faruwa cikin awa guda ko ƴan awoyi.

Maciji ya sari mutum a gabana, mi zan yi nan take?

Janye shi daga wurin tukuna, kada a samu mutum na biyu. Kwantar mishi da hankali, ka gaya mishi gaskiya cewa mafi yawan waɗanda anka sara ba su mutuwa kuma akwai magani. Kada shi yi gudu, kada ma shi taka ƙafar in da hali, don motsin nama shi ke tura dahi sama. A cire zobe, awarwaro, agogo, laya ko kambun da ke ɗaure a hannu, takalmi, duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A samu sanda ko kara mai ƙarhi a ɗora a gehen ƙafar ko hannun a naɗe da rawani sako-sako yadda gaɓar ba za ta lanƙwashe ba, irin ɗorin karaya amma ba a matse ba. A duba agogo ko salula a riƙe lokacin da abin ya faru.

Daga nan sai tahiya. Amalanke, kabu-kabu, motar kasuwa, duk abin da ya samu, in babur ne a sa shi tsakiya wani shi riƙe shi ta baya. In shina amai ko ya fara hita hayyacinshi a kwantar da shi bisa gehen hagu kada aman shi shaƙe shi. Kuma tun kuna hanya wani shi kira majo, wato babban ma'aikacin lahiya, na likitar da za ku, a tambaya ko akwai maganin saran maciji a hannu, in babu a gaya muku inda za ku wuce kai tsaye. A cikin gari ana iya kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Malam, mu tun kakanni ɗaurewa muke yi sama da saran, mi ya sa kuke hanawa?

Baba, na san da kyakkyawar niyya ake yi, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dubi yadda ake yin shi: a tsinko robar tayar keke ko igiyar rawani a zagaya sau uku a ja iya ƙarhi, bayan awa biyu ƙafar ta yi sanyi ta yi shuɗi-shuɗi, robar ta nutse cikin kumburi har ba a ganinta, yatsu ba su motsi, mutum shina kururuwa ana cewa dahi ne alhali ɗaurin ne. Naman da jini bai kai mishi ba na awoyi mutuwa yake, ga kuma dahin kasa ko na kububuwa an tsare shi wuri guda shina ta cin wurin. Ƙafahun da ake yankewa bayan saran maciji, da yawansu ɗauri ne sila. Sannan dahin bai tsaya ba, shina wucewa a hankali.

In an riga an ɗaure yanzun nan, a kwance. In kuwa ya daɗe a ɗaure kuma kun kusa isa, ku bari ma'aikatan lahiya su sassauta shi da kansu a hankali bayan sun sa ruwa a jijiya, don sakin shi lokaci guda na iya tura dahi da yawa cikin jiki.

To tsaga wurin da reza, ko tsotsewa, ko ƙahon wanzami, ko baƙin dutse fa?

Ko ɗaya ba ya hiddo dahi. Haƙorin maciji allura ce, ya kai dahin can cikin nama kuma cikin mintoci ya bazu. Tsaga ita ce ta hi muni in kububuwa ce, mutumin da jininshi ba ya daskarewa ka zo ka buɗe mishi ƙohohi biyar da reza, za su yi ta zuba ba tsayawa, ga datti ga tsatsa. Baƙin dutsen da ake saidawa a kasuwa har wasu na ajiye shi cikin aljihu, ƙashin dabba ne anka ƙona, shina mannewa a miki don shina shan ruwa-ruwa, mannewar ce ke sa mutane su ga kamar aiki yake. An gwada shi a ɗakin bincike ba ya hana dahi aiki. Haka zuba fetur ko kananzir, ƙona wurin da wuta, jona wayar batir, ɗura wa mutum jiƙo don shi yi amai, duka ƙarin ciwo ne bisa ciwo.

Amma ni da idona na ga wanda maciji ya sara, mai magani ya ba shi jiƙo ya tashi garau. Wanga fa?

Ban ƙaryata ka ba ɗan'uwa, ka gani, ni ma na san ana gani, kuma wagga tambaya ita ce ta hi duk sauran muhimmanci. Hukumar Lahiya ta Duniya, OMS, ta kiyasta cewa macizai na saran mutum wajen miliyan 5.4 kowace shekara, amma waɗanda dahi ke shiga jikinsu har shi yi musu illa tsakanin miliyan 1.8 ne zuwa 2.7. Ka ga kenan rabi ko hiye da rabi ba abin da zai same su ko da ruwan randa kawai anka ba su. Dalili biyu ne: ko macijin ba mai dahi ba ne, ko kuma mai dahi ne amma ya sara bai zuba ba, don maciji na yin haka in gargaɗi kawai yake. Ko cikin waɗanda kububuwa ta zuba ma dahi sosai, binciken da anka yi a arewacin Najeriya ya nuna wajen 10 zuwa 20 cikin 100 ne ke mutuwa in ba magani, sauran suna sha da kyar.

To ka lissafa da kanka. Mutum goma sun je wurin mai magani, takwas sun tashi, kowa ya ce maganin Baba wane ba ya ƙarya, labari ya kai ƙauyuka goma. Biyun da sunka rasu fa? Sai a ce kwana ne ya ƙare, ko an makara kawo su, ko macijin turo shi anka yi, ko wata macce ta ƙetare shi ta karya maganin. Ba wanda ke ƙirga su. Alhali waɗannan biyun su ne sunka hi kowa buƙatar magani tun farko, kuma su ne allurar likita za ta iya cetowa, don inda ake samun maganin da ya dace a kan lokaci mutuwar na sauka ƙasa ƙwarai. Mun yarda rai na hannun Allah, kuma Shi ne ya ce a nemi magani. Ba wanda ya hana addu'a, a yi ta tohi ana tahiya cikin mota, amma kada a zauna.

Bai jin komi, ɗan kumburi ne kawai, dole ne sai mun tahi?

Dole ne. Ba mai iya duban mutum da ido shi ce jininshi na daskarewa ko ba ya yi. Ana so a riƙe wanda anka sara awa 24 ana dubawa ko da ba wata alama, in ba komi a sallame shi, kun yi asarar wuni guda ke nan.

In mun isa likita mi za su yi mishi?

Za su tambayi lokaci da wurin da abin ya faru da kamannin macijin, su auna hawan jini da bugun zuciya, su ɗaga leɓe su duba dasashi, su ce shi dubi sama su ga ko fatar ido na ɗaguwa, su zana alama da biro a iyakar kumburin su rubuta lokaci a jikin fata don a ga ko shina hawa.

Sannan akwai wani gwaji mai sauƙi da ko ƙaramar likitar ƙauye na iya yi, ba ya son lantarki ba ya son inji. Ana ɗibar jini kamar mililita 2 a zuba cikin ƴar kwalbar gilashi sabuwa busassa, a ajiye ta tsaye kada kowa shi taɓa ta minti 20, sannan a karkata ta a hankali. Jini mai lahiya za ka ga ya kama kamar yadda nono ke kwana shi zama kindirmo, ko an kihe kwalbar ba ya zubowa. In kuwa ya gangaro ruwa, to dahi ya ɓata jinin kuma magani ya wajaba yanzu-yanzu ko da mutumin shina dariya. Dole kwalbar ta zama ta gilashi, ta roba na ba da amsar ƙarya. Wanga gwaji aikin likitocin da sunka yi bincike kan kububuwa ne a arewacin Najeriya cikin shekarun 1970, irin su David Warrell da ya zauna Zariya, yanzu duniya duka na amfani da shi.

In an ga alamar dahi sai a sa maganin ta jijiya, yawanci cikin ruwan sarum, ma'aikaci na tsaye kusa. Zubar jinin da ake gani kan tsaya cikin ɗan lokaci, amma daskarewar jini na ɗaukar kamar awa 6 kahin ta dawo, shi ya sa ake sake gwajin kwalbar bayan awa 6, in har yanzu ruwa ne a ƙara wani maganin. Kada ku ce an cuce ku in an ce a sawo na biyu. Ana kuma yin allurar rigakahin tetanos, a wanke mikin, a ƙara jini in ya zuba da yawa, amma ƙarin jini shi kaɗai ba ya wadatarwa muddin dahin na nan, sabon jinin ma ɓata shi zai yi. Wanda numfashinshi ya kasa kuwa ana hura mishi iska da jaka ko inji har dahin shi sake shi, kuma mutum na iya tashi sarai bayan haka, don haka kada a ce ya tahi a daina.

Shi wanga magani mi ne ne, daga ina yake hitowa?

Daga jinin doki, wani lokaci tunkiya. Ana tatsar dahin macizai a riƙa yi ma dokin allurar ɗan kaɗan-kaɗan na tsawon watanni har jikinshi shi ƙera abin da ke kame dahin, sai a ɗebi jininshi a tace a hidda wannan sinadarin a zuba a kwalba. Wani likitan Faransa, Albert Calmette, shi ya fara yin shi wajen 1895, kuma har gobe shi ne kaɗai maganin da anka tabbatar shina kashe ƙarhin dahi a jikin mutum.

Abin lura shi ne kowane magani na aiki ne kan macizan da anka yi shi da dahinsu. Wanda anka yi don macizan Indiya ba ya kame dahin kububuwarmu yadda ya kamata ko da an rubuta maganin maciji a jikin kwalin, kuma an ga mutuwa ta ƙaru a wuraren da anka koma amfani da irinsu a Afirka. Cikin waɗanda anka yi don yankinmu akwai EchiTAb, wanda anka samar da dahin macizan Najeriya anka haɗa shi a Kosta Rika da Birtaniya, akwai kuma Inoserp Pan-Africa. Don Allah kada a sayi kwalbar maganin maciji wurin mai tebur ko mai yawo da kwali a kai, a saya a farmasi da takardar likita, wasunsu ma sai cikin firji ake ajiye su.

An ce ita kanta allurar na kashe mutum?

Tana iya tada ƙaiƙayi, borin jini, zazzaɓi da rawar ɗari, wani lokaci numfashi shi toshe hawan jini shi faɗi, tunda daga jinin dabba take. Shi ya sa ba a yin ta a gida, ana yin ta inda akwai allurar adrenalin a zuƙe a ajiye kusa, in abin ya taso a tsaida ruwan a yi adrenalin a jira shi lafa a ci gaba. Haɗarin dahi ya hi nata nesa ba kusa ba.

An yi kwana biyu ko uku da saran, lokaci ya wuce?

Bai wuce ba. Muddin jini na zuba ko gwajin kwalba ya nuna bai daskarewa, maganin na aiki ko bayan kwanaki ne. Kada kunyar cewa kun fara zuwa wurin mai maganin gargajiya ta hana ku, ku zo, kuma ku faɗi gaskiyar abin da anka ba shi ya sha da abin da anka shafa. Abin da jinkiri ke ci shi ne nama, wanda ya riga ya mutu magani ba ya maido shi.

Yaro ƙarami fa, ko macce mai ciki?

Hajiya, su ne ma ya kamata a hi gaggautawa da su. Maciji ba ya rage dahi don yaro ne, abin da zai zuba ma babba shi zai zuba ma ɗan shekara 5, ga jiki ƙarami, shi ya sa yaro ke shan magani daidai da na babba, ba a rage mishi. Mai ciki kuwa dahin na iya kawo zubar jini da ɓari ko mabiyiya ta rabu, ana yi mata maganin, shi ne kariyarta ita da abin da ke cikinta. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono.

Ya tofa mini a ido, in yi yaya?

Ruwa, da yawa, nan take. A buɗe idon da yatsu a yi ta kwarara ruwa mai tsabta daga buta minti 15 ko hiye, ana juya ƙwayar idon. In ba ruwa kusa ko madara ce a yi da ita kahin a samu. Kada a murza, kada a ɗiga ruwan ganye ko taba ko lemun tsami ko kwalli. Daga nan a je likita a duba ko baƙin idon ya ƙuje a ba da man ido, don mikin da anka bari shi ke kawo makanta. Tohin da ya faɗa bisa fata lahiyayya wankewa kawai ake yi.

Sai mun kashe macijin mun zo da shi?

A'a, kada a ɓata lokaci ana tonon rami, wurin haka ake samun sara na biyu. Alamomin jiki da gwajin jini sun isa a san abin yi, kuma yawancin magungunan na haɗe ne na macizai da yawa. In an ɗauki hoto da salula daga nesa ya yi. In an riga an kashe shi a ɗauko shi da sanda a sa cikin bokiti, kada a kama da hannu, kan maciji ko an sare shi shina iya sara bayan wani lokaci.

Ciwon ya yi yawa, wace ƙwaya za a ba shi?

Parasetamol kawai. Kada a ba da aspirin ko ibuprofen ko diklofenak, irin waɗanda ake saye a tebur a ce maganin gajiya, suna ƙara tsinka jini su kuma taɓa ƙoda. Tramol da giya su ma a'a, suna sa maye da barci a kasa gane ko dahi ne ke shanye shi. Kuma kada a bari mai allurar unguwa shi soka mishi allura a ɗuwawu, jini zai taru a wurin.

Mi ya sa maganin ke da tsada, wani lokaci ma a ce babu?

Wagga ita ce ke ci mini rai. Ciwon talaka ne, na manomi da makiyayi da macce mai ɗiban itace da yaro mai kiwo, waɗanda ba su da murya, kamfanoni kuma ba su ganin riba a ciki. Akwai wani magani mai kyau da ake kira Fav-Afrique da ya yi aiki sosai a ƙasashenmu, an daina yin shi a 2014, na ƙarshe ya lalace a 2016, har ƙungiyar likitocin MSF ta yi ta kuka a kai. A duniya mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa kowace shekara a ƙiyasin OMS, waɗanda ke nakasa kuwa sun kai ninki uku na haka, amma sai a 2017 anka maida saran maciji cikin jerin cututtukan da anka yi watsi da su, a 2019 anka hito da shirin rage mutuwa da nakasa da rabi kahin 2030. Ranar 19 ga Satumba ce ranar wayar da kai a kanshi. Maƙwabtanmu na Kaltungo a jihar Gombe suna da asibiti guda na saran maciji kawai, kuma masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Kano sun daɗe suna wanga faɗa.

Abin da ke hannunmu kahin manya su motsa: kowane ƙauye shi san tun kahin damana wace likita ce mafi kusa da ke ajiye maganin, a riƙe lambar majo da ta mai mota ko mai babur biyu, kuma ƙungiyar manoma ko ta mata masu adashi su ware wani abu a asusu don wanga rana. Da yawa awoyin da ake ɓatawa na neman rance ne da neman wanda zai sayi akuya da tsakar dare.

Yaya za mu kare kanmu?

Yawancin sara a ƙafa ne, ƙasa da gwiwa, sai hannu. Takalmin roba mai tsawo da dogon wando wurin noma da girbi da ban ruwan albasa suna tare mafi yawansu, na san da zahi amma ku daure. Kada a hita da dare ba hitila ko da zagayawa bayan ɗaki ne, hitilar salula ma ta isa. Kahin a ɗaga damin hatsi ko tarin kara ko harawa ko itace, a tura shi da sanda tukuna. A hana yara zura hannu cikin ramin gahiya da kusu da suri. A kwana bisa gado cikin gidan sauro a cusa bakinshi ƙarƙashin tabarma ko katifa, wanda ke kwana ƙasa a tsakar gida saboda zahi shi ma shi ɗaura. A share ciyawa kewayen gida, a toshe tsagar bango, a nisanta akurkin kaji da rumbu daga ɗakin kwana don inda kusu yake nan maciji ke zuwa. A kakkaɓe takalmi da sahe. Mutanen Yamai da ke bakin kogi da gonakin shinkafa su ƙara kula lokacin ambaliya, ruwa na koro su cikin gidaje. Kuma wanda ya sha wani abu wurin gardi anka ce mishi ya dahu maciji ba ya kama shi, don Allah kada shi gwada.

An sallame mu, akwai abin da za mu kula da shi a gida?

Akwai. In jini ya sake ɓullowa a dasashi ko hitsari, ko hitsarin ya ragu ƙwarai ko ya yi baƙi, ko ciwon kai mai tsanani, ko mikin ya fara wari da ruwa, a koma ranar ba sai gobe ba. Kada a cire haƙori ko a yi sakiya ko kaciya ko ƙaho cikin makonni biyun farko. Tsakanin kwana 5 zuwa 14 bayan allurar wasu kan yi zazzaɓi da ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi, daga maganin ne kuma akwai ƙwayoyin da ke kwantar da shi, a je a karɓa. A riƙa zuwa wankin miki yadda anka ce, in kumburi ya saɓe a fara motsa yatsu da gaɓar a hankali kullum don kada ta ƙage, a ci abinci mai gina jiki irin wake da zogale da hanta saboda jinin da ya zuba. In kuma mutum ya koma firgita cikin barci ko ya kasa komawa gonar da abin ya same shi, kada a yi mishi dariya, a raka shi kwanakin farko.